Kwana 10 da yi mini tiyatar rage ƙiba, iska ta hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce 'yar shekara 39, ina da yara uku. Yau kwana 10 ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke yawancin tumbi a bar ɗan siriri. Ciwon suga da hawan jini ne suka sa likita ya ba ni shawarar yi. Huda biyar aka yi mini a ciki, kuma duk suna warkewa lafiya. Abin da ya dame ni iska ce. Cikina ya yi tam kamar ganga, sai ƙugi yake yi, gyatsa ta taso ta maƙale a ƙirji, ba ta fito ba ba ta koma ba. Kwanakin farko har kafaɗata ta hagu ta riƙa ciwo, yanzu ta daina. Kwana 4 rabona da bayan gida. Ruwa nake sha da garin furotin da nake damawa da madara, kuma da tsinken zuƙa, ɗan bututun nan na shan lemo, nake sha don kada in yi babbar kurɓa. Ina tauna cingam marar suga saboda bakina yana wari. A kwance nake wuni don tsoron kada ɗinkin ya ɓalle, da dare kuma in sha tramadol. Masu duba ni ba sa rabuwa da ɗakina, in iska ta zo fita sai in matse. Wata ƙawata ta ce in sha lemon kwalba mai gas in yi gyatsa in huta, yayata kuwa cewa take ni na jawo wa kaina. Kunya ta hana ni kiran likita a kan maganar tusa. Anti, haka abin yake, ko wani abu ne ya lalace a ciki? Wallahi na fara da-na-sani.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa.

Kafin mu shiga maganar iska, ki yi mini abu ɗaya yanzu. Ki zauna ki huta minti 5, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki dubi agogo ki ƙirga bugun jijiyar na minti ɗaya cif. In akwai ma'aunin zafin jiki a gidan ki auna. Idan bugun ya kai 120 kina zaune ba ki yi aikin komai ba, kuma ya ƙi sauka, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ki bar karatun nan ki tafi asibitin da aka yi miki aikin, ko da tsakar dare ne. Abin da likitocin wannan tiyata suka fi tsoro a makonnin farko shi ne yoyo daga layin da aka ɗinke tumbi, kuma sau da yawa saurin bugun zuciya ke fara tona shi, tun ciwon ciki bai yi tsanani ba. Mai yoyon takan ɗauka iska ce, ta zauna jiran ta fita. Haka nan in numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji na suka, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, domin gudan jini ake zargi a nan. Haka in kina amai ko ruwa ba ya zama, ko kin ga jini a aman, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta, ko cikin ya ƙara tashi kuma iska ta daina fita ta ƙasa kwata-kwata. Waɗannan duk na asibiti ne, ba ni da abin cewa a kansu sai "tashi ki tafi".

In babu ko ɗaya a cikinsu, to ki saki ranki. Na yi shekaru ina jinyar masu tiyata, kuma wasiƙarki kusan kalma da kalma na sha jin ta a bakin gado. Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗaya muke kiran abin da shi, iska, alhali iri uku ce, kowacce da inda take zama da ƙofar da take fita. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ta farko likita ne ya zuba miki da hannunsa. Mai aiki ta ƙananan huda ba zai ga abin da yake yi ba sai ya ɗaga fatar ciki daga kan kayan ciki, don haka ake hura iskar kabon-dayoksaid har cikin ya tashi kamar tanti, sannan a zura kyamara da dogayen kayan aiki. In an gama a sace ta, amma ba ta fita duka. Ragowar tana zama ne a tsakankanin kayan ciki, a wajen hanji, shi ya sa ba gyatsa ba tusa da za ta fitar da ita. Takan taru a ƙarƙashin tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki. Jijiyar da ke kula da tantanin nan daga wuya ta sauko, tushensu ɗaya da jijiyoyin kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ruɗe ta kai ƙarar ciwon kafaɗa, kafaɗar kuwa lafiyarta lau. Jini ne ke tsotse wannan iskar a hankali, huhu ya fitar da ita cikin 'yan kwanaki. Taki ta riga ta tafi, dainawar ciwon kafaɗar shi ne shaida. Sai dai ki riƙe wannan: in ciwon kafaɗar hagu ya dawo bayan ya tafi, musamman tare da zazzaɓi ko saurin bugun zuciya, ba tsohuwar iskar ba ce ta dawo, ki tafi asibiti kamar yadda na faɗa da farko.

Ta biyu ke kike haɗiye ta, kuma a ganina ita ce ta fi gallabarki. Tumbin babban mutum yakan ɗauki fiye da lita ɗaya. Naki an cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, kuma a kwana na 10 a kumbure yake ta ciki, hanyar ta ƙara matsewa. Ga wani abu da ba kowa ake yi wa bayaninsa ba: a saman tumbi akwai wani lungu mai kama da tulluwa, nan iskar da muka haɗiya take taruwa ta jira gyatsa. Wannan lungun yana cikin abin da aka yanke. Iskar da a da za ta samu wurin zama ba ki ma san da ita ba, yanzu kokawar wuri take yi da kurɓar ruwanki. Gyatsar da kike ji ta maƙale a ƙirji ita ce wannan.

To dubi abin da kike yi da kyakkyawar niyya. Tsinken zuƙa cike yake da iska kafin ruwa ya hau, duk zuƙa sai kin fara haɗiye ta. Cingam yana sa ki haɗiyi yawu ba ƙaƙƙautawa, kowace haɗiya da 'yar iskarta. Garin furotin in an girgiza shi a gora ko an kaɗa a inji sai ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce aka lulluɓe da madara. Ga hira da masu dubiya kina kurɓa kina amsa gaisuwa. Ki ajiye tsinken da cingam daga yau. Furotin ki dama da cokali a hankali, ko ki bar shi ya kwanta minti 10 ki kwashe kumfar sama kafin ki sha.

Ki nemi ɗan ƙaramin kofin nan da ake auna maganin ruwa da shi, mai mililita 30, wato babban cokali biyu. Ki cika shi ki shanye a kurɓa uku ko huɗu cikin minti 15, ki sake cikawa. Kofi huɗu a awa ke nan, mililita 120. In kika yi haka awa 14 na farkawarki kin sha kusan lita 1.7, kin shiga cikin lita 1.5 zuwa 2 da ake so mai irin aikinki ta sha a rana. Ki sha a zaune, bayanki a miƙe, bakinki a rufe lokacin haɗiya, kuma kada ki kishingiɗa sai an jima. Da yawa sun fi jin daɗin ruwa mai ɗumi-ɗumi a kan mai sanyi ƙarara, ki gwada ki gani wanne cikinki ya fi karɓa. In shaƙuwa ta kama ki kina sha, ko atishawa, ko hanci ya fara yoyo, sabon tumbinki ne ke cewa ya isa haka, ki dakata.

Shawarar ƙawarki kuwa, Allah Ya saka mata da alheri, amma a'a. Lemo mai gas kabon-dayoksaid ne aka matse a cikin ruwa, yana shiga ɗumin ciki ya saki kansa. Mai cikakken tumbi zai yi gyatsa ya ji wasai. Ke za ki ƙara iska ne a wurin da ba shi da sarari, a kan ɗinkin da bai gama haɗewa ba, ga sugan da ke ciki ga ciwon sugarki. Haka hodar maganin ciki da ƙwayoyin nan masu tafasa in an jefa su a ruwa, su ma iska suke saki. In kina son magani, ki tambayi likitanki game da simetikon. Aikinsa haɗe ƙananan kumfa su zama babba mai sauƙin fita, jiki ba ya tsotse shi, kuma akwai na ɗigawa da na taunawa. Wasu yana yi musu sosai, wasu kaɗan. Kuma in kina kwana da injin taimakon numfashi saboda ɗaukewar numfashi a barci, kamar yadda masu ƙiba da yawa ke yi, shi ma yana iya tura iska ciki. Kada ki daina sawa, ki faɗa a duba ƙarfinsa.

Iska ta uku a hanji ake ƙera ta. Duk abin da ƙaramin hanji bai narkar ba yakan gangara babban hanji, inda bakteriya ke zaune jiransa, su ci su saki iska. Kowa haka yake, lafiyayyen mutum yakan yi tusa sau 10 zuwa 20 a rana ba tare da ya ƙirga ba. A wasiƙarki na ga mutum biyu da nake zargi. Na farko madara. Akwai wani suga a cikinta, laktos, wanda manya da yawa a duniya dama ba sa narkar da shi sosai, sai dai ba su lura ba saboda ɗan kaɗan suke sha. Yanzu da madara ta zama rabin abincinki, abin da yake ɓoye ya fito fili. Na biyu kayan "marar suga". Ki ɗauko kwalin cingam ɗin da robar furotin da bitamin ɗin taunawa in an ba ki, ki karanta jerin abin da ke ciki. In kin ga sorbitol, maltitol, mannitol ko xylitol, su ne. Zaƙi ne da hanji ba ya tsotsewa sosai, sai ya zama abincin bakteriya, ya kawo kumburi da ƙugi, wani lokacin har gudawa.

Ki gwada kwana 3 kina dama furotin da ruwa ko da madarar da aka cire wa laktos. In garin da kansa daga ruwan madara aka yi shi, wanda aka rubuta isolate a jikinsa ya fi ƙarancin laktos a kan wanda aka rubuta concentrate. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne barin furotin gaba ɗaya don gudun iska. Giram 60 zuwa 80 ake nema a rana, da shi ɗinki ke warkewa, da shi tsoka ke tsayawa yayin da kitse ke zuba. Ki canza iri, kada ki bari. In kuma har yanzu kina shan metformin don suga, ki ambata wa likita, domin shi ma sananne ne wajen kumbura ciki, kuma bayan wannan tiyata akan sake duba magungunan suga da na hawan jini tun da wuri. Likitan ne zai rage ko ya canza, ba ke ba.

Duk wannan bayani ba zai yi amfani ba in ƙofar fita a rufe take, kuma taki a rufe take ta hanya uku: taurin bayan gida, kwanciya, da kunya.

Wadda ruwa-ruwa kawai take sha ba za ta riƙa fita kullum ba, kwana 2 ko 3 ba abin tayar da hankali ba ne. Amma kwana 4 ga ciki a kumbure ya isa dalilin kiran asibiti yau, ba gobe ba. Tramadol da danginsa irin su kodin suna rage motsin hanji, haka ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna taurara bayan gida, ga ƙarancin ruwa. Ki tambaya ko lokaci ya yi da za ki koma farasitamol kaɗai, kuma a rubuta miki mai tausasa bayan gida. Irin su makrogol akan fi ba wa masu wannan aiki, laktulos yana aiki amma shi kansa yana haifar da iska. Kada ki sha wani mai wanke ciki da kanki, ko na kanti ko na ganye. Kuma ko ciwo ya dame ki, ki nisanci ibuprofen da diclofenac da asfirin sai da izinin likitan da ya yi miki aikin, don suna cin bangon tumbi su jawo gyambo. In kin shiga banɗaki ki ɗora ƙafafunki a kan 'yar kujera gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsawo, ki jingina gaba, kada ki yi nishi mai ƙarfi.

Kwanciyar nan kuwa ita na fi so ki bari. Tumbinki ba da zare mai tsinkewa aka riƙe shi ba, layuka ne na ƙananan ƙusoshin ƙarfen taitaniyam da inji ya jera, tafiya a tsakar ɗaki ba ta ɓalle su. Abin da aka hana ki shi ne ɗaukar kaya mai nauyi, kamar abin da ya wuce kilo 5, na mako 4 zuwa 6, ciki har da ɗaukar ƙaramin yaronki. Hanji yana son motsi. Har yau ina tuna wata baiwar Allah da muka yi jinya, ta kwana biyu tana kuka da kumburi, ta ƙi sauka daga gado. Da ƙyar muka lallashe ta ta rungume filo a ciki, ta dafa bango, tana jan silifas taku ɗai-ɗai. A zagaye na uku, daidai ƙofar ɗakin ma'aikatan jinya, abin ya kuɓuce mata da ƙara. Ta tsaya cak ta rufe fuska da filon, mu kuwa muka ce alhamdulillahi, aka rubuta a takardarta da lokacin da ya faru. A ɗakin masu tiyata albishir ne wannan, shi ke nuna hanji ya farka. Ki tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu ki yi tafiyar minti 5 zuwa 10, kullum ki ɗan ƙara. Tafiyar nan ce kuma ke kare ki daga gudan jini a ƙafa da taruwar majina a huhu. In kin gaji ki kwanta ta gefen hagu ki ɗan naɗe gwiwa, ko ki ɗora tsumma mai ɗumi a bayanki ko gefen ciki, ban da kan wuraren hudar.

Sai kunya. Iskar da kika matse ba ɓacewa take ba, komawa take ta ƙara miƙe hanji, ciwon ya ƙaru. Ba na ce ki saki a gaban baƙi ba. Ki sa mai jinyarki ya taƙaita masu shigowa, a gaisa minti kaɗan a fita, ke kuma duk lokacin da kika ji ta taho ki ce "bari in ɗan taka", ai ga dalili likita ya ba ki. Warin ma kada ya ba ki tsoro. Yawancin iskar ciki ba ta da wari, ɗan sinadarin salfa ne ke kawo shi, kuma abinci mai yawan furotin yana ƙara shi. Waɗanda aka yi wa wata irin tiyatar rage ƙiba, ta karkatar da hanji, sun fi ki fama da wannan. Game da likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya ga tumbinki da idonsa ba kalmar tusa ce za ta ba shi mamaki ba. In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta masa saƙo: kwana nawa rabonki da bayan gida, ko iska na fita, ruwa nawa kike sha, da sunayen duk magungunanki.

Ki sa rai abin zai ɗan motsa duk lokacin da aka ƙara miki matakin abinci, daga ruwa-ruwa zuwa markaɗaɗɗe, zuwa mai laushi, zuwa na kowa wajen mako na 6 zuwa 8, gwargwadon tsarin asibitinki. Sabon abu ɗaya a rana, cokali kaɗan, don in ya ƙi ki ki san mai laifin. Wake da kabeji da albasa da danginsu ki bar su sai can gaba. Kada ki haɗa ci da sha, ki ba da tazarar minti 30. In kuwa amai ya zama na kullum a kowane mataki kada ki daure, domin bitamin B1 da jiki ke ajiyewa ba ya wuce na 'yan makonni, ƙarewarsa kuma tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Da-na-sanin da kika ambata ban yi mamakinsa ba. Mako na biyu mutum ba ya cin abinci, ba ya barci sosai, amfanin aikin bai fara bayyana ba, wahalarsa kawai ake gani. Da yawa sun faɗa mini haka a wannan gaɓar, sannan suka dawo da wata magana daban bayan wata biyu. Idan dai baƙin cikin ya zauna ya ƙi tashi, ko ya hana ki sha da shan magani, shi ma ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi zazzaɓi. Yayarki kuwa ina jin tsoro ne ya fito mata ta baki a karkace. Kada ki tsaya gardama da ita da ciki a kumbure. Ki ba ta aiki: ita ce mai riƙe agogo, ita ce mai cika ɗan kofin, ita ce mai rakiyar tafiya.

Na kusa mantawa da warin bakin. Jikinki ne ke ƙona kitse saboda abinci ya yi ƙaranci, abin da ƙonawar ke saki yana fita ta numfashi, bushewar baki kuma ta ƙara masa ƙarfi. Zai ragu in abinci ya ƙaru. Kafin nan ki riƙa goge harshe tare da haƙora, ki kurkure baki a kai a kai, ki bi ɗan kofin nan naki na mililita 30.